Awon Zulai ta Lajawa

Duk ɗalibar da aka turo mana koyon aiki, ranar farko ɗakin haihuwa take nema. A ganinku can ne aikin ungozoma yake, inda ake gumi da jini da kukan jariri. Ɗakin awo kuwa kun ɗauke shi wurin hutawa: a hau sikeli, a ɗaura abin awon jini, a ja tef a kan ciki, a rubuta a kati, a kira ta gaba. Wata ta taɓa ce min ko ƙanwarta 'yar firamare za ta iya. Ban yi mata faɗa ba, don ni ma haka na ɗauka lokacin da na zo Wudil da sabuwar takardata da farin takalmi. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina wannan aiki kafin na ajiye, kuma yawancin matan da na san sun tsira, a ɗakin awo tsirarsu ta fara, da safe, ana ta hamma a kan benci.

Kayan aikinmu a lokacin ba su cika faranti ɗaya ba. Akwai ƙahon alminiyam da ake kifawa a ciki a saurari bugun zuciyar jariri, da tef irin na tela, da abin awon jini mai zaiba, da sikelin da sai an taɓa shi da ƙafa kafin ya faɗi gaskiya. Almakashi da sauran ƙarafa a tukunya muke dafa su a kan risho. Hoton ciki sai an je birni. Saboda haka hannu ne babban kayan aiki, kuma wadda ta koya min amfani da shi ita ce Sista Rifkatu, 'yar ƙasar Tangale, wadda na tarar tana shugabantar ɗakin. Gajera ce, ba ta da yawan magana, Hausarta da ɗan karkata, amma daga Utai har Lajawa mata Mama suke kiranta, har waɗanda suka girme ta.

Mai awon farko da na duba a gabanta, cikin minti biyar na gama, ina jin daɗin saurina. Ta ce in sake. Ta sa na murza tafukana har suka yi ɗumi, na fara daga fatar ido, na duba harshe da wuya, na sauko nono ɗaya bayan ɗaya da shimfiɗaɗɗun yatsu, ba da tsunguli ba, na bi har cikin hammata, sannan ciki, sannan ƙafa. Ta ce mace ce ta zo awo, ba ciki ne ya zo shi kaɗai ba. Ita ta koya min yadda ake tambayar mai cikin fari watanninta ba tare da an ba ta kunya a gaban surukarta ba, da yadda ake gane wadda ta zo da magana a baki amma tana jira a sallami sauran. Irin wannan takan tsaya gyara mayafi a bakin ƙofa fiye da kima. In kin ga haka, ki kira ta ta dawo.

Shekarar da ba na mantawa da muninta tana cikin shekarun ƙarshe na mulkin soja. Mai ya yi wuya, motar asibiti ta kwanta, safar hannu sai mu wanke mu shanya mu sake sawa. An ɗauke Sista Rifkatu na wasu watanni zuwa wani asibiti da ya rasa ma'aikata, aka bar ni ni kaɗai da layi har bakin titi. A nan na fara rage hanya. Wata mata daga Utai, cikinta wata shida, ta ce min tana jin tauri a nononta na dama. Na taɓa sama-sama ta kan riga, na ce ruwan nono ne yake taruwa, haka masu ciki suke, in ta haihu zai saki. Ta yi godiya ta tafi. Ba ta dawo ba sai bayan ta yi yaye, a kwance a amalanke. Kafin nan wanzami ya yi mata sakiya har sau biyu, wurin ya zama gyambo. Ba ta kai damina ba. Sista Rifkatu ta riga ta dawo a lokacin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta nemo tsohon katin matar, ta miƙo min, ta ce in karanta abin da na rubuta a fili. Na karanta: ta yi ƙorafin nono, an kwantar mata da hankali. Ta karɓi katin ta mayar cikin durowa, muka ci gaba da aiki.

Ciwon dajin nono a jikin mai ciki ɓuya yake yi. Nonon mai ciki dama yana cika, yana tauri, yana canja kama, kowa kuma yana da bayani a shirye: uwa ta ce ruwa ne, kaka ta ce iska ce, ungozomar da ta gaji ta ce a bari a haihu. Wata tara na ciki, sannan kusan shekara biyu na shayarwa, duk ciwon yana samun fili.

Zulai ta zo ne a farkon daminar shekarar da soja suka koma bariki. Na riƙe lokacin don rediyon maigadi ba ya maganar komai sai rantsar da farar hula, mata a kan benci suna cewa wai yanzu magani zai wadata. Matar wani manomi ce a Lajawa, Malam Idi, shekarunta talatin da 'yan kai, 'ya'yanta uku duk maza, wannan ciki na huɗu yana wata huɗu. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ana kawo mata kasuwar Juma'a. Ba ta yi ƙorafin komai ba. Ni na ji shi a ƙarƙashin yatsuna, a nonon hagu ta sama wajen hammata: ƙullutu kamar goro ɗaya, mai tauri, ba ya gudu in an tura shi, ba ya kuma yi mata zafi. A hammatar akwai kaluluwa guda. Na tambaye ta ko ta san da shi. Ta ce tun kafin ta tabbatar da cikin ta ji shi tana wanka, Innarta ta ce ruwan nono ne ya yi sammako.

Na kira Sista Rifkatu ta duba. Ta daɗe a kai. Sannan ta ja kujera ta zauna daidai da fuskar Zulai, ta faɗa mata cewa ba ta son yadda abin yake, zai iya zama daji, zai iya zama wani abu mai sauƙi, kuma ba mai iya rabewa da hannu sai an yanki ɗan kaɗan an duba a birni. Aka aika aka kira Malam Idi daga inda ya jingine kekensa. Mutumin kirki ne, kuma abin da ya faɗa shi ne abin da kusan kowane miji yake faɗa: a bari ta sauka lafiya tukuna, don ya ji manya suna cewa in wuƙa ta taɓa mai ciki, ɓari ne. Ya ce surukarsa ma ta riga ta yi wa wanzami magana. Zulai tana zaune tana kallon ƙasa har ya gama. Sai ta ɗago.

"Mama, tsakanin ɗan da abin nan, wanne ya fi saurin girma?"

Sista Rifkatu ta ce ba ta sani ba, shi ya sa take son a je a gano. Zulai ta juya wajen mijinta ta ce, cikin ladabi, ai zuwa a gano ba yanka ba ne, ya yi mata izini. Ya ce Allah ya sa alheri ne.

Cikin mako guda aka yanki ɗan naman a wani babban asibiti a birni, aka ce a dawo bayan kwana goma. Kwana goman nan sai da suka zama mako biyar. Yau a ce mai dubawa ba ya nan, gobe a ce wani ruwan aiki ya ƙare. Wannan jiran ba a koyar da shi a makaranta, alhali shi ne rabin aikin. Zulai ta mayar da kowace Talata ranar awonta, ko da ba ita aka rubuta mata ba. In auna tsayin ciki da tef, in auna ƙullutun da tef ɗin, in rubuta su gefe da gefe a kati. Cikin yana hawa yadda ya kamata, ƙullutun ma yana hawa. Ita kanta tana aunawa a gida da gaɓar yatsanta, kuma lissafinta bai taɓa saɓa wa nawa ba. A mako na huɗu Sista Rifkatu ta ɗauki katin ranar hutunta, ta shiga motar haya, ta je ta zauna a kan bencin ƙofar ɗakin gwajin. Duk wanda ya fito ta gaishe shi ta nuna masa lambobin nan biyu. Sau uku ta yi wannan tafiya. A ta ukun ta dawo da takardar a jakarta. Daji ne.

Ni aka sa na raka su ranar ganin likitan tiyata, don in riƙe abin da za a faɗa in maimaita musu a gida. Wani dogo ne mai magana a hankali. Cikin ya kusa wata shida a lokacin. Ya ce za a iya jira har ta haihu, amma katinmu ya riga ya nuna abin da jiran yake yi. Ya ce wasu za su ba da shawarar a zubar da cikin, shi bai ga abin da hakan zai ƙara mata ba, bai kuma ba da wannan shawara ba. Abin da ya fi kwanta masa shi ne a yi aiki yanzu da cikin a jikinta, a cire nonon gaba ɗaya da kaluluwar. Da a ce ba ciki, da ana iya cire ƙullutun kawai a bi da gashi na na'ura, amma gashi ba a yi wa mai ciki. Bayan aikin akwai magani mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya. A watanni ukun farko ba a ba da shi, don lokacin ake halittar gaɓoɓin jariri, amma ta wuce nan. Ko a fara shi da cikin, ko a ciro jaririn a wata bakwai a sa shi a kwalba sannan a fara.

Zulai ce ta yi tambayoyin, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a gyaɗa. Maganin barcin da za a ba ta, ɗan ma zai yi barci? Zai farka? Maganin jijiya zai iya sa a haife shi da nakasa? Likitan ya ce abin da aka fi gani shi ne jariri ya zo ƙarami ko ya zo da wuri. Ta tambaye shi mata nawa ya yi wa haka da hannunsa. Ya ce kaɗan ne. Sai ta ce ya faɗa mata abin da shi kansa bai sani ba. Na ga ya ajiye biro. Ya ce bai san ko ciwon ya riga ya tafi wani wuri a jikinta ba, don hotunan da za su nuna hakan ba duka ake yi wa mai ciki ba, kuma bai san yadda yaron zai kasance bayan shekara ashirin ba. Ta yi masa godiya, ta ce a ba ta kwana biyu.

Maganar kwalba ita ta fara ajiyewa. A hanyar dawowa ta tambaye ni bakwaini nawa na gani sun rayu, da kuma abin da ake yi in an ɗauke wuta. Na faɗa mata abin da na gani. Malam Idi ya je wajen limaminsu, liman ya ce masa neman magani ba saɓa wa ƙaddara ba ne, kuma ran uwa amana ne kamar na ɗan. Zulai ta yi istihara. Ranar da suka dawo, a gabanmu ta yi wa mijinta maganar, ina jin don ya samu shaidu in dangi sun tashi.

"Malam, in na jira, wataƙila in haifa maka wannan in bar maka huɗu ba uwa. In an yi yanzu, wataƙila mu rasa na cikin. Duka biyun ba ni da tabbas. Amma abin nan na ga girmansa da idona, shi kam na tabbata. A yi aikin."

Ya ce ya amince. Shi ya je ya shawo kan surukarsa, ya kuma ba wanzami haƙuri.

Wankin ciwon bayan aiki a hannuna ya faɗo, don an sallamo ta bayan kwana tara aka ce a ci gaba a Wudil. Hanyar Lajawa ta yi laka, sai ta tare a gidan gwaggonta kusa da kasuwa. Duk bayan kwana biyu in buɗe bandeji, in duba ɗinkin daga tsakiyar ƙirji har hammata, in wanke, in rufe. Kafin in taɓa ciwon sai na fara kifa ƙaho a cikinta, don ba ta yarda a yi komai sai ta ga na gyaɗa kai. Wannan hannun na hagu ba a ɗaura masa abin awon jini, ba a yi masa allura, na rubuta da jan biro a katinta. Na koya mata hawa bango da yatsu don kada kafaɗar ta sandare. Ta ce in dai motsa hannu ne, tuƙin tunkuza ya fi wannan, na ce ta bari sai ɗinki ya kama.

Maganin jijiya sau uku aka sa mata kafin haihuwa, tsakanin kowanne mako uku. Kowane zuwa sai an fara auna jininta. Sau ɗaya ya yi ƙasa aka ɗaga da mako guda, muka dage da hanta da zogale da kifin bakin gada. Ta yi amai, bakinta ya yi ƙuraje, gashinta ya zube, ɗankwali ya rufa asiri. Ba ta fasa zuwa ko sau ɗaya ba. Malam Idi yana tsakiyar noma, amma duk ranar zuwa birni za ka gan shi a tasha da ledar magani. Da ya rage kamar wata guda aka tsayar da komai, don jininta da na jaririn su farfaɗo kafin naƙuda.

Akwai abin da ni da Sista Rifkatu ba mu kai ga tunaninsa ba, ita ta riga ta gama shi. An ce mata in ta koma kan magani bayan haihuwa ba za ta shayar ba. Mata biyu masu goyo suka ce za su karɓa: matar wan mijinta, da ƙanwarta Hauwa. Ta zaɓi Hauwa. Da na tambaye ta dalili, ta ce dangin Malam auren zumunci suke yi, in ɗan ya sha nonon gidan wan Malam, duk 'ya'yan gidan sun haramta gare shi, ita kuwa ba za ta rufe masa ƙofa tun bai zo duniya ba. Har izinin mijin Hauwa ta sa an nema tun cikin yana wata takwas.

Ta haihu ranar Alhamis bayan azahar, ana yankan gero. Naƙudar ba ta ba da wahala ba. Sista Rifkatu ce ta karɓa, mace ce, ba ta kai kilo biyu da rabi ba, amma kukanta ya kai bakin ƙofa. Na duba ta fiye da yadda na taɓa duba jariri: yatsu, dasashi, gadon baya, bugun zuciya. Ban ga komai ba. Likita ya yarda ta shayar da nonon dama har zuwa ranar komawa magani, kwana goma sha huɗu. Ranar sha biyar ta miƙa wa Hauwa yarinyar da hannunta, ta shiga mota. An sa mata suna Rahama. Wankan jego sai da muka yi ciniki da Innarta, aka yarda ruwan ya huce, ganye kuma kada ya taɓa tabon. Gashi na na'ura ya zo daga baya, a wani gari mai nisa, shi ma da nasa jiran.

Ta warke ta koma kan man gyaɗarta. Daga nan ta ɗauki wata al'ada da ba wanda ya sa ta. Ranar kasuwa takan biyo ta wajenmu da mace ɗaya ko biyu daga ƙauyensu, ta ce a duba su. In muka rubuta wa wata takardar zuwa birni muka ga tana jan ƙafa, Zulai takan ja ta bayan labule. Ba mu jin abin da take faɗa, mun dai san tana ɗaga riga. Wasu sun je, wasu ba su je ba. Cikin waɗanda suka je ma ba duka suka rayu ba, kada ku ɗauka duk wadda ta yi abin da Zulai ta yi ta samu abin da ta samu.

Shekara tara ta yi. Sista Rifkatu ta riga ta yi ritaya ta koma gida, ni nake riƙe da ɗakin. Wata Talata bayan an sallami masu awo, Zulai ta shigo ita kaɗai tana dafa bango. Ta ce bayanta ya hana ta tsugunno wata biyu, ga tari, ta je birni an yi hoto, an ba ta takarda an ce ta kawo mijinta. Ta miƙo min. Na karanta, ciwon ya shiga ƙashin baya da huhu. Na fara kewaye-kewaye, ina cewa akwai magungunan rage zafi, akwai abin da za a gwada. Ta bar ni na yi ta yi, sannan ta hau gadon awo ta zauna, ta gyara mayafinta.

"Sista, wancan karon mu biyu ne a kan gadon nan, dole na yi ta auna magana. Yanzu ni kaɗai ce. Ki faɗa min yadda yake."

Na ja kujera na zauna, na faɗa mata. Ta tambayi wane magani ne zai bar ta da hankalinta, don tana da abubuwan da za ta shirya, na rubuta mata sunansa ta kai wa likita. Ta rasu a ɗakinta a Lajawa bayan an kai amfanin gona gida. Rahama tana aji uku a firamare.